Filash Ɗin Tayar da Kwamfuta: Ina Ya Dace a Biya, Ina Ne Kyauta?

Ranar 5 ga Oktoba, 2021, kamfanin Microsoft ya saki Windows 11 ga duniya. A ranar babu mutum ɗaya a Ƙauran Namoda ko Shinkafi ko Zurmi da zai iya sauke ta, ko da aljihunsa cike yake da kuɗin data. Tun 3 ga Satumba hukumar sadarwa ta NCC ta umarci kamfanonin waya su kashe sabis a faɗin Zamfara, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, saboda yaƙi da 'yan bindiga. Gusau ta samu nata a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa suka ci gaba da zama shiru har ƙarshen Nuwamba. An rufe kasuwannin mako, har da ta Shinkafi mai ci ranar Alhamis, an kuma taƙaita sayar da fetur. Duk wanda kwamfutarsa ta ƙi tashi a watannin nan, hanya biyu ce gare shi: ko ya samu wani a gari mai filash da aka riga aka shirya, ko ya naɗe ta ya ajiye.

Shi ya sa tambayar da a wasu garuruwa ba ta wuce hirar masu gyara ba, a nan take da nauyi. In za a shirya filash ɗin da zai tayar da kwamfuta, sai an sayi manhajar yin hakan ne, ko ta kyauta ta wadatar? Amsata ita ce ta kyauta ta wadatar, har ma ta fi. Sai dai aikin ba duka ne kyauta ba. Akwai inda dole kuɗi su fita, kuma abin da ke damuna shi ne mutanenmu na biya a inda bai kamata ba, suna kuma ƙanƙame hannu a inda ya dace su saki.

Mu fara da yadda abin yake aiki. Idan aka kunna kwamfuta, ba Windows ce ke fara farkawa ba. Akwai wata 'yar manhaja da ke zaune a jikin na'urar tun daga masana'anta, wadda a tsofaffin kwamfutoci ake kira BIOS, a na baya-bayan nan kuma UEFI. Aikinta shi ne ta nemo babbar manhajar da za ta miƙa wa ragama, kuma galibi a rumbun ajiyar cikin kwamfutar take samun ta. In rumbun ya samu matsala, ko bairos ya cinye fayilolin Windows, ko batir ya mutu ana tsakiyar sabuntawa, sai komai ya tsaya cak: baƙin allo, ko shuɗi, ko tambarin kamfani ya yi ta juyawa har a gaji. Idan wuta ta mutu a murhu ba rushe murhun ake yi ba, yaro ake aikawa maƙwabta ya ɗebo garwashi. Filash ɗin tayarwa shi ne garwashin. A soka shi, a kunna kwamfuta, a danna maɓallin da ke fito da jerin zaɓi, F9 a HP, F12 a Dell da galibin Lenovo, sai na'urar ta tashi daga filash ɗin maimakon rumbunta. Daga nan ana iya ɗora sabuwar Windows, ko gyara tsohuwar, ko kwashe takardun da suka maƙale a ciki. Da faifan DVD ake wannan aiki a da, amma galibin laftof ɗin yanzu ba su da ma wurin sa faifan.

To me ya kawo maganar saye? Windows da takwararta ta kyauta, Linux, suna zuwa ne a babban fayil guda da ake kira ISO, wato hoton faifan gaba ɗaya. Jefa shi cikin filash kamar yadda ake jefa waƙa ko fim ba ya sa kwamfuta ta gane shi. Sai an tsara filash ɗin yadda ya dace da na'urar: tsofaffi sun fi jin tsarin MBR, sababbi GPT. Ga kuma wani cikas, tsarin FAT32 da kowace kwamfuta ke iya karantawa ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai gigabait 4, alhali babban fayil ɗin da ke cikin Windows ta yanzu ya wuce haka. Dole dai a samu manhajar da za ta warware waɗannan ƙulle-ƙulle, kuma a nan ne masu sayarwa suka baje kolinsu.

Waɗanda suka fi suna a wurin masu gyaranmu su ne UltraISO da PowerISO. Tsofaffin manhajoji ne tun zamanin faifai, kuma sun yi wa mutane aiki a lokacinsu. Lasisin UltraISO kusan dala 30 ne, kuma duka biyun suna taƙaita girman fayil ɗin da za ka iya gyarawa in ba ka biya ba. Akwai WinToUSB ta kamfanin Hasleo, mai rabi kyauta rabi kuɗi, da OS2Go ta EaseUS, waɗanda abin da suke tallatawa shi ne ka ɗauki Windows ɗinka cikakkiya a filash ka yi aiki da ita a kowace kwamfuta. Akwai Parted Magic ta gyaran rumbu, wadda kyauta ce har 2013 kafin mai ita ya sa mata farashi. Ba na cewa waɗannan 'yan damfara ne. Halas suke ci. Kamfanin da ke kula da ɗaruruwan kwamfutoci, yana son wanda zai amsa masa in abu ya cije, yana da dalilin biya. Amma mai shagon buga takardu a bakin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura, ko malamin kwamfuta a wata sakandare a Zurmi, babu abin da zai samu a cikinsu na shirya filash wanda babu shi kyauta. Ko ɗaukar Windows a filash, wanda Microsoft da kanta ta ƙirƙiro da sunan Windows To Go a zamanin Windows 8 ta kuma cire shi a 2020, manhajar kyauta na yi har yau.

Gaskiyar da kowa ya sani ita ce kusan babu mai biyan dalolin nan a wajenmu. Wadda aka fasa ake saukewa, abin da masu gyara ke kira kirak. Wannan shi ne mafi munin zaɓi, ya fi biya muni, ya fi kyauta muni. Wanda ya ɓata lokacinsa ya fasa manhaja ya raba wa duniya ba don Allah ya yi ba, sau da yawa ya cusa nasa abin a ciki. An sha kama ɓarayin kalmomin sirri a ɓoye cikin irin su KMSPico da ake amfani da ita wajen buɗe Windows ta sata. Kwamfutar da aka gina a kan irin wannan tushe, a kanta ne gobe za a cika wa ɗalibai fom ɗin JAMB, a shigar da lambar NIN ta mutane, a buɗe asusun banki. Haɗarin ba na mai shagon ba ne shi kaɗai.

Na kyautar fa? Microsoft da kanta tana da Media Creation Tool, wadda ke sauke Windows ta rubuta ta a filash mai gigabait 8 ko fiye. Tana aiki lafiya, illarta kawai tana son intanet mai ƙarfi a lokacin da ake aikin, abin da ba kullum muke da shi ba. Ya fi mana a sauke fayil ɗin ISO sau ɗaya daga shafin Microsoft a adana shi.

Sai Rufus, wadda Pete Batard ya fitar a 2011 yake kuma kula da ita har yau. 'Yar ƙarama ce ƙwarai, ba a ma girka ta, buɗe ta kawai ake yi. Ka nuna mata fayil, ka nuna mata filash, ita za ta ji da batun MBR da GPT da matsalar gigabait 4. Lambobin da aka rubuta ta da su a buɗe suke, duk mai ilimin abin na iya dubawa ya ga babu mugun abu a ciki. A kan Windows kaɗai take aiki. Ina jaddada wannan domin akwai manhajojin waya da ke amfani da sunanta suna cika mutane da talla ko neman kuɗi, ba kuwa daga mai ita suka fito ba. Wanda waya kaɗai gare shi, akwai EtchDroid ta kyauta da ke rubuta Linux a filash ta igiyar OTG. Akwai kuma balenaEtcher, mai sauƙin gaske, ga masu Mac da Linux.

Amma wadda na fi so mutanen yankinmu su riƙe ita ce Ventoy, wadda wani ɗan ƙasar Sin ya fitar a 2020. Da Rufus, filash ɗaya babbar manhaja ɗaya ce. In kana son wata sai ka goge ka sake rubutawa. Ventoy kuwa sau ɗaya ake girka ta a filash, daga nan sai ka yi ta zuba fayilolin ISO kamar yadda kake zuba hotuna. In ka tayar da kwamfuta sai ta jero maka su ka zaɓa. Filash guda mai gigabait 32 zai ɗauki Windows 10 da Windows 11 da Linux Mint da kayan ceto irin su Hiren's BootCD PE da GParted da Memtest86+ ta gwada lafiyar ram. Ka duba abin da wannan ke nufi ga garin da sabis ke iya ɗaukewa, hanyar zuwa Gusau kuma sai da addu'a: mutum ɗaya ya sauke a inda intanet ke da ƙarfi, goma su kwafa daga wurinsa ba tare da ƙona megabait ko ɗaya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ventoy ba ta rasa abin faɗa ba. A wasu kwamfutoci masu kariyar Secure Boot sai an yi ɗan ƙarin mataki kafin ta tashi, wasu tsirarun na'urori ma sukan ƙi ta sam. A 2024 wasu masana sun yi ƙorafin cewa akwai sassan cikinta da ba a iya bin diddigin yadda aka haɗa su. Saboda haka mai gyara mai hankali yakan riƙe filash biyu, ɗaya na Ventoy, ɗaya na Rufus.

Za a ce araha ba ta ado, balle kyauta. Karin maganar gaskiya ne a kasuwar atamfa, amma a nan bai ci ba. Ranar 19 ga Yuli, 2024, wata sabuntawa mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka rikice. Cikin hanyoyin da Microsoft ta bayar na tashe su akwai manhajar shirya filash ɗin ceto, kyauta. Wasu manyan kamfanonin duniya da wannan suka bi kwamfutocinsu ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka rubuta Rufus da Linux ba don aikinsu ba shi da daraja suka bayar kyauta ba; sun zaɓi su bar shi a buɗe ne don kowa ya amfana, kowa kuma ya iya gyarawa.

To ina kuɗin ya kamata su tafi? Da farko filash ɗin kansa. Kasuwanninmu cike suke da na jabu, daga Farm Centre ta Kano har teburan masu kayan waya a tasha. A rubuta 64 a jiki, kwamfuta ma ta nuna 64, alhali ainihin cikinsa bai wuce 8 ba. Zai karɓi fayil kamar gaske, sai an je rabin ɗora Windows, bayan an riga an goge tsohuwar, ya ce fayil ya lalace. A nan ne araha ba ta ado. A sayi na gaske ko da ya ninka kuɗi, kuma a gwada shi kafin a amince masa. Manhajar H2testw ta Jamus, ita ma kyauta, tana cika shi taf ta sake karantawa ta faɗi ainihin girmansa. Rufus ma tana da irin wannan gwaji. Kuma filash ɗin tayarwa ba na yawon shagunan buga takardu ba ne, inda wani bairos mai ɓoye fayiloli ke bin duk abin da aka soka. Mai gyaran da sana'arsa ta kankama, in har zai sayi wani abu, gara ya sayi filash mai makullin hana rubutu, ko akwatin rumbu irin na iODD da ke da wannan kariya, da ya sayi lasisin UltraISO.

Sai data. Fayil ɗin Windows 11 ya haura gigabait 5, kuma tun Janairun 2025 da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ɗalibi. Maganinsa dai shi ne wanda na faɗa, a sauke sau ɗaya a raba.

Lasisin Windows ne inda aka fi ruɗa mutane. Sauke Windows kyauta ne, ɗora ta kyauta ne, haƙƙin amfani da ita ne ke da kuɗi: dala 139 ga Windows 11 Home a shagon Microsoft, kusan 200 ga Pro. Amma akasarin laftof ɗin tokumbo da ke hannunmu, su HP EliteBook da Dell Latitude da ThinkPad, sun zo da lasisinsu. Tun daga Windows 8 masu ƙera kwamfuta suke dasa lambar lasisin a cikin na'urar kanta. In aka ɗora irin Windows ɗin da ta zo da ita, Home a kan Home, Pro a kan Pro, da zarar ta hau intanet za ta buɗe da kanta. Mutane nawa ne aka ɗora wa kirak a kan kwamfutar da take da lasisinta na halas, don kawai mai gyaran bai duba ba? Har an karɓi kuɗinsu a kan haka.

Ga kuma sabon tarnaƙi. Ranar 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ta daina kula da Windows 10, sai dai wani shirin ƙarin wa'adi na shekara guda ga waɗanda suka yi rajista. Windows 11 kuwa tana neman na'urar tsaro ta TPM 2.0 da injin Intel daga zubi na 8 zuwa sama, kuma da yawa daga cikin kwamfutocin da ke ofisoshinmu da makarantunmu ba su kai nan ba. Rufus tana da zaɓin tsallake wannan sharaɗi, kuma yana aiki, amma Microsoft ta faɗa ƙarara cewa ba ta ɗauki alkawarin ci gaba da sabunta irin waɗannan kwamfutoci ba. Wanda zai yi, ya yi da saninsa. A ganina, ga kwamfutar da aikinta rubutu ne da lissafi da shiga intanet, Linux Mint ta fi kwanciyar hankali. Ba ta da lasisin saye, ba ta da nauyi, tana zuwa da LibreOffice mai buɗe takardun Word da Excel, kuma ana iya gwada ta daga filash ba tare da an taɓa komai a rumbu ba. Mai sana'ar CorelDraw da wanda firintarsa ba ta jin Linux su kam sai su tsaya a Windows.

Wannan gwaji daga filash shi ne ya kawo ni ga abin da ya fi ci mini rai. Kalmar da ta fi saurin fitowa daga bakin masu gyara da yawa ita ce fomatin. Ɗaliba ta kawo laftof ana saura mako guda ta miƙa firojet ɗinta, Windows ta ƙi tashi, a ce mata sai an yi fomatin, a goge aikin shekara guda a cikin minti biyar. Alhali a mafi yawan lokuta fayilolin suna nan lafiya lau. Da an tayar da kwamfutar da Linux daga filash, an buɗe rumbun, an kwashe takardunta da hotunanta zuwa wani wuri, sannan a yi duk abin da za a yi. Abin da kan hana shi ne in rumbun ya mutu murus, ko an kulle shi da BitLocker, wanda sai da lambar ceto mai alƙaluma 48 da galibi ke ajiye a asusun Microsoft na mai kwamfutar. Kai mai kwamfuta, kafin ka yarda a goge, ka tambaya: «Malam, an gwada kwashe kayana tukuna?»

Mai gyaran da ya san wannan, ya kuma yi haƙurin yin sa, shi ne ya fi kowa cancantar a biya shi, kuma a biya shi da kyau. Ya sayi data, ya sayi fetur ko ya kafa sola, ya ɓata shekaru yana koyo, ya riƙe amanar abin da ya gani a rumbun mutane. Ko lasisin Rufus da na Linux bai hana mutum karɓar kuɗi don ya kwafa wa wani ba. Abin da bai halatta ba shi ne algus: a ce wa mutum manhajar ce ke da tsada alhali kyauta aka sauke ta, ko a sayar masa da Windows ta sata da sunan ta asali. Ka ce kuɗin aikina kaza ne, ba wanda zai ga laifinka. Mu kuma masu kai gyara mu daina yi wa ilimi tayin wulaƙanci don kawai ba mu ga an canja wani ƙarfe ba.

Tun 1983 aka kafa Kwalejin Ƙauran Namoda, kuma tana da sashen kimiyyar kwamfuta. Shirya filash ɗin Ventoy aikin yini ɗaya ne a koya wa mutum, har da ceto fayiloli. Ina kira ga malaman sashen da ƙungiyar ɗalibansa su ɗauki wannan a matsayin hidima ga yankin: a tanadi ingantattun fayilolin ISO da aka sauke daga shafukan masu su, a riƙa sabunta su kowane zango, duk mai so ya zo da filash ɗinsa ya kwafa. Shugabannin makarantun sakandare na Shinkafi da Zurmi, da masu cibiyoyin jarrabawar kwamfuta, da ma'aikatan asibiti masu riƙe da bayanan marasa lafiya, kowa ya sayi filash biyu na gaske, ya sa a shirya masa su, ya gwada su a kan kwamfutocinsa tun suna lafiya, ya kulle a durowa. A yi shi yanzu da sabis yake nan.